Makullin da Ke Bakin Zanin Ulumma

Mai girma shugaban wannan zama, Cif Uzoma Nwaogu. Ranka ya daɗe Igwe sarkinmu, da 'yan majalisarka. Rabaran Ibekwe da dattawan ikkilisiya da ke zaune a damanka. Nne Akudo da iyayenmu mata na zumunta, waɗanda suka cika kujerun baya kamar yadda suka saba. Injiniya Jidenna da samarin ƙungiyarsa ta marasa addini, waɗanda suka taso daga Legas da Fatakwal, ga wayoyinsu nan a sama suna ɗauka. 'Ya'yan Amaudara na gida da na waje da suka dawo Kirsimeti. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Na gode da goron da aka fasa, na gode da kujerar da aka ba ni kusa da taga saboda ƙirjina, na kuma gode da minti goma da aka yanka mini. Shugaba, tun yanzu ka ajiye ƙararrawarka, domin zan wuce su. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Anozie Ukaegbu, wanda ake kira Ticha. Rabin zauren nan ni na koya musu karatu, sauran rabin kuma ni na zane iyayensu.

An tara mu a kan tambaya guda: shin mutum zai iya zama na kirki ba tare da Allah ba? Rabaran ya yi magana, ya ce idan aka cire Allah babu sauran ma'auni, kowa sai ya bi son ransa. An tafa masa. Jidenna ya yi magana, ya ce addini tsoro ne da aka gada, kuma ranar da aka rufe coci ranar hankali zai buɗe. Shi ma an tafa masa. Ni kuwa an sa sunana a ɓangaren Jidenna, domin garin nan ya san shekara hamsin da wani abu ke nan da na tsaya a gaban bagade na ce ban ƙara yarda akwai kowa a sama ba. Ana jiran in zo in kayar da Rabaran da ayoyi, samari su yi ihu, a watse a tafi shan bammi.

Ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Kuna ta muhawara a kan mutumin kirki kamar wani ne da ba a taɓa gani ba, alhali kun san inda take. Tana kwance a ɗakin ajiye gawa na asibiti, yau mako bakwai, da lamba ɗaure a yatsan ƙafarta. Sunanta Ulumma, matata ce shekara arba'in da tara. Ranar Juma'a mai zuwa za a binne ta, kuma har wannan lokaci da nake tsaye ba a san ko akwatinta zai shiga coci ba, ko kuwa za a ajiye shi a bakin ƙofa, a rana, a yi masa gajeriyar addu'a a wuce da shi. Wannan ita ce muhawarata. Ina da magana uku a kanta, da abu guda da zan miƙa.

Magana ta farko da ku nake, Rabaran da dattawa. Yaran da suka taso a birni ba su san dokar ba, bari in faɗa musu. A cocinmu na kan tudu, macen da ba a sa wa aurenta albarka a gaban bagade ba, ko da an biya sadakinta, ko da dangi biyu sun sha bammi a kansa, ba ta cin Jibin Ubangiji, ba ta ɗaura ankon zumunta, kuma idan ta mutu gawarta ba ta tsallake dokin ƙofa. Ni na ƙi zuwa gaban bagade, domin an ce sai na durƙusa na janye maganata tukuna. Ni na ƙi, ita aka hukunta. Shekara arba'in da tara tana zaune a bencin baya. Shekara talatin da ɗaya ita ke share cocin nan kowace Asabar, ita ke kaɗe yanar gizo daga tagogi, ita ke wanke ƙananan kofunan Jibin ɗaya bayan ɗaya, ta goge su da farin ƙyalle, ta jera su a faranti, gobe ta zauna daga nesa tana kallon wasu suna sha. Hannunta ya isa ya wanke kofin, bakinta ne bai isa ya taɓa shi ba.

Rabaran, ba na ce kai mugu ba ne. Ka je wurinta asibiti sau huɗu, na ga hawayenka, ba labari aka ba ni ba. Amma ka ce ma'auninku Littafi ne, to mu auna da shi. Ni ma na yi makarantar fastocin da ka yi, kafin a haife ka, na karanta shi cikin Helenanci lokacin da fitilar aci-balbal ce abin karatu. A cikinsa na ga labarin mutum huɗu da suka ɗauko shanyayye, suka tarar ƙofa ta cushe, suka farke rufin gidan mutane suka zura shi, kuma Almasihu bai tambayi takardar kowa ba. A cikinsa na ga mace a bakin rijiya, wadda ta yi aure biyar tana zaune da na shida ba aure, shi kuwa a hannunta ya roƙi ruwa. A cikinsa aka umarci mace mai bi kada ta rabu da mijinta marar bi idan ya yarda su zauna. Ulumma ta bi wannan umarni har ƙarshen numfashinta. Ku nuna mini shafin da ya ce a bar ta a rana. Babu shi. Doka ce ta kwamiti, an rubuta ta zamanin Turawan mishan don a tsorata masu mata uku, ta tsallake su ta faɗo a kan macen da ba ta taɓa sanin namiji biyu ba.

Na faɗi haka ga Dattijo Onwuka, ga shi can yana kallon takalmansa, ranar da ya kawo mini saƙon dattawa. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, kuma daga allona yake kwafa. Ya ce mini, "Anozie, kai da ba ka yarda da Littafin ba, me ya kai ka kafa hujja da shi?" Na ce, "Onwuka, ni na karanta ban yarda ba, kai ka yarda ba ka karanta ba, ka ga ai dole ɗayanmu ya taimaki ɗaya." Ya ce, "Bakin nan naka shi ya hana ka zama bishop." Na ce, "Rashinsa shi ya mai da kai dattijo." Muka yi dariya, domin tsufa ya bar mana wannan kaɗai. Sannan ya ajiye saƙon. Dattawa sun zauna, sun tausaya, sun samo hanya: idan Ticha ya zo ranar Lahadi ya durƙusa a gaban jama'a ya furta shaidar bangaskiya, za a ɗauka auren ya sami albarka a niyya, a ɗaura wa Ulumma anko, a shigar da ita. Idan bai zo ba, doka tana nan.

Ku saurara da kyau, jama'a. Ba ayyukanta aka ɗora a ma'auni ba, ba addu'o'inta ba, ba tsintsiyarta ba. Gwiwoyina aka ɗora. An riƙe gawar mace mai bi don a durƙusar da tsoho marar bi, a nuna shi ga samarin nan a ce, kun gani, har Ticha ya dawo. Idan wannan shi ne kirkin da ba ya samuwa sai da Allah, to ku faɗa mini sunan abin da ake yi idan babu shi.

Ku dakata da tafi, samari. Ku sauke hannuwanku. Magana ta biyu taku ce.

Kwana uku bayan Onwuka, Jidenna ya zo gidana da mutum biyu da na'urar ɗaukar hoto. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce, "Ticha, kada ka durƙusa musu. Wannan dama ce da ba za ta dawo ba. Mu binne Mama a cikin gida ƙarƙashin itacen lemo, ba waƙa ba addu'a, kai ka yi jawabi, mu ɗauka duniya ta gani. Ba a taɓa yin irinsa a yankin nan ba." Na ce, "Ita fa, ka tambaye ta?" Ya ce, "Ai Mama ba da hankalinta take yi ba, Ticha. Tun tana yarinya aka cusa mata tsoro. Duk tsofaffin nan haka suke, abin tausayi."

Jidenna, ɗago kanka. Shekarar da mahaifiyarka ta kwanta wata biyu ba ta iya juyawa, kana Legas kana rubuta wa duniya cewa addini guba ne, wa ke juya ta? Wa ke wanke ta, wa ke dama mata kunu, wa ke canza mata zani? Waɗancan matan ne na kujerun baya, bi da bi, Ulumma tana da Talata da Juma'a. Ba su tambayi ko ɗanta yana zuwa coci ba. Yau mako bakwai ke nan tukunyar akpu, tuwonmu na rogo, da miyar shuwaka ba ta yanke a ƙofata ba, ni da na yi rabin ƙarni ina yi wa imaninsu ba'a. Daga ƙungiyarku me ya iso gidana? Na'urar ɗaukar hoto. Dattawa suna son gwiwoyina don su ci muhawara, ku kuna son gawarta don ku ci muhawara, kuma a cikinku duka babu wanda ya tsaya ya ce, me matar nan take so?

Kada wani ya fita ya ce Ticha ya tuba. Ban tuba ba. Ina shekara ta uku a makarantar fastoci yaƙin basasa ya zo, aka mai da ajinmu wurin ciyar da yara. Da hannuwan nan na binne goma sha ɗaya a safiya guda, kowane bai kai nauyin kaza ba. Na yi addu'a da harshenmu, na yi da Turanci, na yi da Helenanci ko a can ne ake ji. Ban ji komai ba, har yau ban ji ba. Kuma da na koma Littafin na tarar da wuraren da aka ba da umarni a hallaka gari har jarirai, na tambayi malamanmu, suka ce asiri ne. Na fita, ban kuma koma ba. Abokan ajina sun zama manya, ana sumbatar zobensu, ni na ƙare da alli a hannu da tari a ƙirji. Amma a wancan ajin dai, waɗanda suka hana kansu abinci suka ba yaran, masu addu'a ne. Na ga wannan, na ga wancan, kuma duk wanda ya ce muku ɗaya kaɗai ya faru, ko yana sanye da farar kwala ko yana riƙe da waya, ƙarya yake yi muku.

Magana ta uku ita ce mai wuya, domin da kaina nake.

Sau uku kacal Ulumma ta roƙe ni mu je gaban bagade. Na farko muna sabon aure. Na biyu da aka haifi 'yarmu Ndidi. Na uku shekara shida da suka wuce, ana cin sabuwar doya, tana fere ina karatu. Ta ce, "Ticha, minti ashirin ne fa. Ka tsaya, ka faɗi abin da za su ce ka faɗa, mu dawo gida in daka maka sakwara." Na ce, "Ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba." Ta ajiye wuƙa ta ce, "Bagaden da ka ce babu kowa a bayansa? To wa za ka yi wa ƙaryar?" Na ce, "Kaina." Ta ce, "Kanka dai. Kullum kanka. Allah ya bar maka shi, ai ya yi girman da zai ishe mu mu biyu." Ta yi dariya ta ci gaba da fere. Ni kuma na koma karatu ina jin na yi nasara, ina jin ni mutum ne mai aƙida.

Makon da ya wuce Ndidi tana kwashe kayan uwarta, ta kira ni ɗaki. A ƙasan akwati, cikin kafur, ta sami ankon zumunta. Zani biyu, farar riga, ɗankwali, an ɗinka an goge an ninke. Ba a taɓa ɗaura shi ba. Ndidi ta kai wa Nne Akudo, Nne Akudo ta duba ta ce wannan zanen tun kafin a canza shi ne, ya fi shekara talatin. A ƙarƙashinsa kuma akwai wata farar riga, mafi faɗi, domin jiki ya ƙaru, ta sake ɗinki. A ƙarƙashin wannan akwai ta uku. Ba ta daina jira ba, kuma ba ta taɓa nuna mini ko ɗaya ba, don kada ta matsa wa lamirina.

To ga amsar tambayarku, ku da kuka yi hayar lasifika. Ni marar addini ne, ban taɓa sata ba, ban taɓa cin amana ba, ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma na bar mace tana zaune a bencin baya shekara arba'in da tara don in riƙa jin daɗin cewa ban taɓa ƙarya ba. Gaskiyata ban saye ta da fatata ba, da tata na saya. Dattawa sun kiyaye dokarsu, ni na kiyaye tawa, kowannenmu ya kwana da tsabtataccen hannu, ita ce ta ɗauki kayan duka. Ba Allah ne ya yi mata haka ba, ba kuma rashin Allah ba. Maza ne masu son a ce sun yi daidai.

Shugaba, na ga hannunka a kan ƙararrawa. Saura kaɗan.

Ga abin da na yanke. Gobe Lahadi, ƙarfe tara, zan hau tudun nan cikin kwat ɗina guda. Zan zo gaban bagade in durƙusa, Onwuka kuma ya tsaya kusa, domin durƙusawa zan iya, tashi ne sai an kama ni. Zan furta shaidar bangaskiya daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, na san ta da harshe uku. Amma ku ji yau, a gaban Igwe, a gaban mutum ɗari uku, a gaban wayoyin yaran nan: ƙarya zan yi. Babu kalma ɗaya a cikinta da zuciyata za ta amsa. Ƙaryar da na hana matata tana raye ita zan kai muku tana kwance, kuma na makara da ita shekara arba'in da tara. Jidenna, ka rubuta cewa Ticha ya ci amanarku, ka rubuta da manyan baƙaƙe, ba zan musa ba.

Rabaran, sauran yana hannunka. Idan ka karɓa, ka karɓi ƙarya da idonka buɗe, a gaban bagadenka, kuma kowa a garin nan zai san farashin ƙofar. Idan kuwa lamirinka ya ƙi, kamar yadda nake zaton zai ƙi, domin na san ka, to ka ɗaga ni kafin in buɗe baki, ka shigar da ita saboda ita, ba saboda ni ba. Kai ka ce mana ɗazu ma'auninka ba son rai ba ne. Gobe za mu gani.

Saura abin da na ce zan miƙa. Ga shi. Wannan makullin ƙofar gefe ne na coci. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure a bakin zanin Ulumma, da shi take buɗewa ta shiga shara tun kafin kowa ya zo. A asibiti aka kwance shi aka ba ni tare da 'yan kunnenta. Mako bakwai yana aljihuna, babu dattijo ɗaya da ya tuna a tambaye shi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in tara 'yan uwanta ranar Juma'a da sassafe mu buɗe mu shigar da ita, wanda zai fitar da ita ya zo ya gwada. Amma ba ta taɓa shiga wurin nan a sace ba, ba kuwa zan fara mata yanzu ba. Shugaba, a miƙa wa Rabaran. Ka riƙe shi, Rabaran, ka ji yadda hannunta ya cinye shi har ya yi santsi. Kun amince mata da ƙofar tana da rai.

An saba rufe jawabi da addu'a, ni kuwa ba ni da ita. Amma kowace safiya Ulumma takan durƙusa a bakin gado ta yi tata da ƙarfi, don in ji, ni kuma in yi kamar barci nake. Na haddace ta ba da sona ba, aron ta zan yi muku, wanda ya yi imani ya ce amin. Allah ya tsare waɗanda suka zo daga nesa, ya mai da su gidajensu lafiya. Allah ya ba masu mulki tausayi, ya ba masu ilimi kunya. Allah ya sa kada yaro ya kwana da yunwa a Amaudara, kada tsoho ya mutu shi kaɗai. Allah ya ba matan da ke ɗauke da garin nan ƙarfin baya. Daga ƙarshe takan ce, ga kuma wannan mai taurin kan da ke kwance yana jina, ka yi haƙuri da shi, ni ma ina yi.

Sai mun haɗu gobe ƙarfe tara. Na gode.